Ga Mai Shagon Yadin Da Gwiwarsa Ta Yi Sanyi

Tambaya: Assalamu alaikum Alhaji. Shekarata biyu da buɗe shagon yadi da atamfa a kasuwar garinmu, a Kantin Kwari nake saro kaya. Matsalata, in na kalli bidiyon masu ƙarfafa gwiwa sai in ji kamar in kwana a shago, bayan kwana biyu kuma jikina ya mutu. In sabon kaya ya shigo sai in tsaya wasi-wasi, in saya ko kar in saya, har yayinsa ya wuce. Maƙwabcina da muka fara a wata ɗaya har ya buɗe shago na biyu, na fara jin wani abu a raina game da shi, abin da ba na so. Ta yaya mutum ke samun zuciyar kasuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka a nema. Da ninkin atamfa da ɗauko wa maigida abinci na fara a Kwari, yau sama da shekara 30 ke nan ban bar harkar tufafi ba. Na samu, na faɗi, sau ɗaya ma saura ƙiris in karye. Daga nan zan ba ka amsa.

Abu uku ka lissafo, mutuwar jiki da wasi-wasi da jin zafin maƙwabci, amma ni ciwo ɗaya nake gani yana fito maka ta wuri uku. Na karanta saƙonka sau biyu. Ba ka faɗi cinikin nawa kake yi a wata ba, ba ka faɗi nawa mutane ke riƙe maka ba, ba ka faɗi kayan nawa ne suka shekara a kanta ba su motsa ba. Ba na jin ɓoye min ka yi. Kai ma ina ganin ba ka sani ba, kuma kada ka ji kunya, masu shaguna da yawa haka suke. Wanda bai san abin da ke aljihunsa ba dole ya ji tsoron tayi. Wanda bai san ko gaba yake yi ko baya ba dole gwiwarsa ta yi sanyi, kuma dole ya riƙa leƙen shagon wani, tunda ba shi da wani ma'aunin sai shi.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, bai yi boko ba. Da ajami yake rubutu a wani littafi mai baƙin bango da ya sha gumi har gefensa ya lanƙwashe. Kullum la'asar sakaliya, kafin a fara jan ƙofa, zai zauna a kan bandir ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya yi mana tambayoyinsa da ba sa sauyawa: nawa aka sayar, me ya ƙi fita, wa ke riƙe da kuɗinmu. Ko ranar da ba a yi cinikin kirki ba sai an yi wannan zama. Washegari dillali zai shigo da samfur, maigida ya karɓa ya murza tsakanin yatsu, ya ɗaga shi ta bakin ƙofa inda haske yake, wani lokaci ya jiƙa gefensa ya goga da farin ƙyalle ya ga ko zai zuba. Ya tambayi kuɗi. Kafin shayin da aka zuba wa dillalin ya huce ya gama, ko dai ya ce a ajiye masa bandir 20, ko ya ce Allah ya kawo kasuwa. Ina yaro na ɗauka jarumta ce aka haife shi da ita. Sai da na girma na gane tunanin tun jiya ya yi shi, a kan wancan bandir ɗin. Ya san kuɗin da ke hannunsa, ya san kalar da 'yan Maraɗi da 'yan Damagaram ke ɗauka, ya san wadda ta kwanta masa bara. Abin da ya rage ya duba a jikin samfurin kaɗan ne.

Abu na farko da littafi zai nuna maka shi ne sau nawa kuɗinka ke juyawa. Sababbin 'yan kasuwa ribar da ke kan turmi ɗaya suke kallo, alhali ba nan gizo ke saƙar ba. A ce kai da wani kowa yana da jarin naira miliyan 2. Kai ka ɗora ribar kashi 25 cikin 100, kayan suka ɗauki wata 6 kafin su ƙare. Sau 2 ka juya a shekara, ka ci miliyan 1. Shi kashi 10 kacal ya ɗora, amma duk wata ɗaya da rabi ya koma sari. Sau 8 ke nan, ya ci miliyan 1 da dubu 600, ban ma sa ribar da yake mayarwa cikin jari ba. Ga shagonsa kullum da sabon kaya, mata suna cewa wajen wane ake samun na yayi. Ga wanda yake sari a wajensa ya saba da fuskarsa har ya fara ba shi kaya ya biya daga baya. In aka bincika, da wuya ba ta nan maƙwabcinka ya wuce ka ba.

Bari in ba ka nawa kuskuren. Wata shekara, saura wata 2 azumi, wani leshi mai duwatsu ya shigo, mata suka yi ca a kansa, duk lefen da aka haɗa sai da shi. Zuwan farko na tsaya kallo kamar yadda kake yi. Na biyu ma na ce bari in ƙara gani. Sai da kowa ya ci ya ƙoshi sannan haushi ya kama ni, na kwashi kusan rabin jarina na zuba a zuwa na uku. Kayana suna sauka, na Caina mai kama da shi sak ya cika kasuwa a sulusin kuɗinsa. Da na tsaya a wannan kuskuren da sauƙi. Wani ɗan sari daga Yola ya taya duka a faɗuwar da zan iya ɗauka, na ce albarka, ni ba zan sayar ƙasa da yadda na saro ba. Leshin nan sai da ya shekara 2 a sito. Duk ranar da na buɗe ƙofa shi nake fara gani, ƙura ta hau ledar, duwatsun sun fara dusashewa, ni kuma ba kuɗin da zan sari abin da ake nema. A ƙarshe ƙasa da rabin tayin ɗan Yola na sallama wa masu talla a baro. Jinkiri da gaggawa duk na yi su a kaya ɗaya, kuma a duka biyun idona na kan mutane, littafi yana rufe.

Kuɗin da ka saro kaya ya riga ya tafi, kasuwa ba ruwanta da shi. A ce kana da kwantan 300,000, aka taya 240,000. Faɗuwar 60,000 ce, kuma tana da ciwo. Amma wannan 240,000 in ka juya ta sau 3 a ribar kashi 10 ta biya faɗuwar har da ɗori. Wanda ya ƙi sallamawa yana ganin jarinsa yake karewa, alhali girman kansa yake biya wa hayar sito.

Shawara a kasuwa iri biyu ce. Akwai wadda in ta ɓaci za ka ji ciwo ka warke, akwai wadda in ta ɓaci sai dai ka rufe shago ka koma gida. Gwada sabuwar kala turmi 10, sauya wajen sari, sa hoton kaya a WhatsApp, irin waɗannan dogon tunani a kansu ya fi kuskuren tsada. Yi ka gani, in bai yi ba ka bari. Amma kama shago na biyu, haɗa jari da wani, sayar da gona a zuba a kaya, ba wa mutum ɗaya bashin da ya kai rubu'in jarinka, a nan ne sauri ke haifar nawa. Abin mamaki, mutane juya abin suke yi. Za ka ga mutum ya yi mako 3 yana tunanin turmi 5, amma aboki ya zo masa da daɗin baki cewa akwai kwantena a hanya, ya tura masa duk abin da ya mallaka a dare ɗaya, ba takarda ba shaida.

Maganin wasi-wasi shi ne ka yanka wa kanka iyaka tun kayan ba su zo ba. Dokata tun bayan leshin nan, duk kayan da ban taɓa sayarwa ba, ba ya cin fiye da kashi 10 na jarina, ko da duk Kwari ta rantse a kansa. In ya fita cikin mako 2 in koma in ninka. In ya yi wata 3 bai motsa ba in karya shi, ba sai na tambayi kowa ba. Naka adadin zai iya bambanta, ka duba ƙarfinka. Amma da zarar ka san iyakar abin da za ka iya rasawa ka kuma yi barci, hannunka zai daina rawa wajen tayi. Sannan ka sa wa tunani wa'adi, ka ce zuwa azahar ɗin gobe na gama. Bayanin da ba ka samu ba a kwana ɗaya a kan turmin atamfa, ko wata ka ƙara ba za ka same shi ba, sai dai ka ji kayan sun ƙare. Neman shawara kuma mutum biyu sun isa, su zama sun taɓa sayar da irin kayan. 'Yan majalisar bakin titi kowa tsoronsa zai faɗa maka. A manyan al'amura ka yi istihara, amma ana yin ta ne a tashi a nufi abin, ba a kwanta jiran mafarki wata 6 ba. Ayar Ali Imrana da ta yi umarni da shawara, ita ce dai ta ce idan ka ƙuduri aniya ka dogara ga Allah.

Shekarar 2023 kaɗai ta isa makaranta. A Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, zuwa Janairu da Fabrairu tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane. Na ga dattawa masu jari na gaske sun yi zaune sun ce su ba sa karɓar taransfa, kwastoma yana tsallake su yana shiga shagon yaron da ya rubuta lambar asusu a kwali ya ajiye POS a kan kanta. Da yawan masu sayen nan ba su koma wajen dattawan ba ko bayan kuɗi ya wadata. Ba a gama da wannan ba aka cire tallafin fetur a Mayu. A Yuni aka saki naira kasuwa ta riƙa yanka mata farashi, dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 700, zuwa Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. A ƙarshen Yuli aka yi juyin mulki a Nijar, iyaka ta zauna a rufe har Maris na 2024, baƙinmu na can suka yi ƙaranci.

A lokacin ne aka ga masu cin riba suna karyewa. Ka saro turmi a 10,000, ka sayar 12,000, kana murna. Ka sayar da 10, ka zo Kwari da 120,000, ka tarar ya koma 14,000. Turmi 8 za ka ɗauka. A baki ka ci riba, a kanta ka ragu da 2. Yi haka sau 4 ka ga abin da zai saura. Waɗanda suka tsira su ne masu buga waya Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, kafin su buɗe shago su ji yadda dala ta kwana, su sa farashi a kan abin da za su mayar da kaya da shi. Sun sha zagi, an ce ba su da tausayi, amma shagunansu na nan. Abin kuma yana da ɗaya gefen. Masu hatsin da suka ga tsadar 2024 suka cika sito da masara suna jiran ta ƙara, sai gwamnati ta sanar da janye harajin shigo da wasu kayan abinci, aka kuma shiga kaka, a 2025 farashi ya faɗo. Wanda ya saki da wuri ya sha da ɗan rauni. Wanda ya ce sai ta dawo, je ka kasuwar hatsi ta Dawanau ka tambaya.

Juyawa tare da kasuwa ba yau Kano ta fara ba. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, ya fara jigilar kaya sosai a 1912, Turawa auduga suka sa rai za a riƙa loda wa masaƙunsu na Ingila. Manoma da fatake suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi biya, in kasuwa ta ƙi ma a ci ta, ga harawa. Fataken goro irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo suka juya yaransu da sanin ƙauyukan da suke da shi zuwa sayen gyaɗa, har ta taru a tasha jirgi ya kasa kwashewa. Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji a 1877, tun kafin nan ya yi irin wannan juyi. Maimakon ayarin jakuna mai cin watanni tsakanin Gwanja da Kano, ya riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga Akra zuwa Legas, daga baya ya zama babban mai saya wa kamfanin Turawa gyaɗa. Masu ba da labarinsa sun fi son maganar raƙuma 20 na kuɗin azurfa da ya kai banki a 1929. Ni abin da ya fi burge ni, mutum ne da ya san goro ciki da bai amma bai auri hanyar da ya gada ba. Tattaɓa-kunnensa ta wajen uwa, Aliko Ɗangote, da masu bidiyo ke kafa maka misali da shi, shi ma ba duk inda ya jefa ƙugiya ya kamo kifi ba. Masana'antar tumatir da ya buɗe a Kadawa a 2016 ta sha tsayawa don ƙarancin tumatir, kamfanin fulawarsa kuma ya sayar wa kamfanin Olam a 2019. Sannan a gidan jari ya tashi, kada ka auna shagonka mai shekara 2 da shi.

Yanzu maƙwabcinka. Na ji daɗi da ka ce abin da kake ji ba ka son sa, zuciyar da sauran lafiya ke nan. Kishin sana'a ana son sa, kuma bambancinsa da hassada a aikace yake fitowa. Mai kishi in ya ga cincirindo a shagon wani sai ya ce me ake samu a can. Mai hassada kuwa sai ya ce ai asiri ne. Ranar da ka ce asiri ne ka gama, tunda ba abin da za ka koya. Zauna mako guda ka kalle shi da idon almajiri. Ƙarfe nawa yake buɗewa? In mace ta shigo da goyo yana da benci da ruwa? In ta sa ya sauko da turmi 15 ta tafi ba ta saya ba, da wace fuska yake sallamar ta? Teloli nawa ne ke turo masa mutane, me yake yi musu da sallah? Matar da ke haɗa lefe a manyan gidajen garinku, lambar wa ke wayarta? A harkar yadi tela da mai haɗa lefe sun fi allon talla, don su ake tambaya ina za a samu mai kyau.

Abin da zan hana ka shi ne yaƙin karya farashi. Kada ka haɗa shi da ƙaramar riba mai saurin juyawa da na faɗa ɗazu. Waccan lissafi ce, ka san inda ka tsaya. Wannan kuwa haushi ne, kana sayarwa ƙasa da sari don wane ya ji a jikinsa, kuma kullum mai kaurin jari ne ke cin irin wannan yaƙi. Mu a Kwari mun gani. Da masaƙun Sharaɗa da Challawa da Bompai da na Kaduna suka durƙushe, kayan Caina suka mamaye kasuwa, har 'yan Cainan da kansu suka zo suka kama sito. Wanda ya tsaya gasar araha da mai masaƙa ya tafi. Cikin waɗanda suka rage, wasu sun bi kayan har tushe, Dubai da farko, daga baya birnin Gwangzu na Caina, suna ba da zane da kalar da suka san mutanensu ke so a buga musu. Wasu sun tsaya a kan shadda Getzner da atamfar Holan, suka riƙe amana har ya zama in kana son na ainihi wajensu za ka. Wasu baƙi suka riƙe. Ɗan Cadi ko ɗan Kamaru zai turo kuɗi bai zo ba, a ɗaure masa kaya daidai da yadda ya ce a sa a mota, shekara da shekaru ba a taɓa musanya masa ko turmi ɗaya ba. Kowannensu ya nemi wurin da araha kaɗai ba ta isa ta ture shi ba. A garinku ma akwai irin wannan gurbi. Wataƙila maƙwabcin ya yi ƙarfi a kayan mata, maza masu neman yadin kaftani ba su da mai kula da su.

Gasar kuma tana da shinge. Manzon Allah (SAW) ya hana mutum ya yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa, ya hana tayin ƙarya don a ɗaga wa mai saye farashi. Kwastoma yana tsaye a shagon maƙwabci ana ciniki ka yafuto shi da ido, wannan ba wayo ba ne. Haka kushe kayan wani, haka cin inci 2 a kowane yadi. A ƙaramin gari, mace ɗaya da tela ya ce wa yadinta bai cika ba ta isa ta kashe maka kasuwa a gidan biki ɗaya.

Maganar ƙarfin gwiwa da gangan na bar ta a baya. Bidiyon da kake kalla kamar shayi ne mai yawan sukari a cikin da ba abinci, ya ɗauke ka ya sake ka. Ban ce duk ƙarya suke yi ba, amma mai maganar bai san kuɗin hayar shagonka ba, kuma da yawansu maganar ce hajarsu, kallon da kake yi shi ne cinikinsu. Ban taɓa ganin ɗan kasuwar da ya daɗe yana tashi da zumuɗi kullum ba. Bayan babbar sallah kasuwar tufafi kan yi sanyi, in damina ta yi nisa kuɗin mutane na gona, sai ka wuni kana korar ƙuda. Abin da ke fito da mutum a irin wannan rana sabo ne. Ka sa wa kanka lokacin buɗewa kamar wani zai yanke maka albashi in ka makara. Sahabin da ya ruwaito addu'ar Annabi (SAW) ta neman albarka ga al'ummarsa a sammakonsu, Sakhrul Gamidi, ɗan kasuwa ne, da sassafe yake tura hajarsa, kuma ya yi dukiya. Masu cewa zafin nema ba ya kawo samu gaskiya suka faɗa, sai dai an yi maganar ne don mai haɗama ya sassauta, su kuma masu barci suka ɗauka suka gyara kwanciya.

Akwai kuma abin da ke kashe jikin matasa wanda ba a cika faɗa ba, aljihun shago da na gida ɗaya ne. Cefane daga nan, kati daga nan, gudummawar bikin aboki daga nan, ƙanwa ta zo ta ɗauki turmi za a biya ƙarshen wata. Sai mutum ya shekara yana wahala ya ga kanta ba ta ƙaru ba, ya ce kasuwa ba ta karɓe shi ba, alhali ta karɓe shi, cinye ta aka yi. Yanka wa kanka albashi komai ƙanƙantarsa, ka yi cefane da zumunci daga ciki. Duk wanda ya ɗauki kaya a rubuta, ko uwar 'ya'yanka ce. Ranar da ka rufe wata ka ga da idonka jari ya ƙaru, ko da dubu 40 ne, washegari ba sai wani ya yi maka ihu a waya za ka tashi ba.

Ga abin da nake so ka yi kafin ka sake zuwa sari. Ranar Juma'a bayan an sauko ka ja ƙofa, ka sauke komai, ka ƙirga turmi-turmi, yadi-yadi, ka rubuta kowanne da kuɗin da za ka mayar da shi yau. Duk abin da ya haura wata 6 ka ware shi gefe, ka sa masa kuɗin da zai fitar da shi kafin wata ya mutu. Ka rubuta sunan duk wanda kake bi bashi, ka fara bin wanda ka fi jin nauyi. Sannan ka shiga wajen maƙwabcin nan ka yi masa murnar sabon shago, ka tambaye shi yaushe zai shiga Kwari. In kuka haɗa kuɗi kuka ɗauki dila tare, farashin da za a ba ku daban yake da na mai ɗaukar turmi 10, kuɗin mota ma ku raba. In ya ƙi, gaisuwa kawai ka kashe. In ka gama ƙirgar ka turo min cinikin wata da jimillar bashi da kuɗin kwantai, mu duba nawa ya kamata ka shigo da shi kafin azumi.